Malam Sha-Biyar: Sunan da Na Jawo wa Mijina

Shekara shida ke nan da aka ɗauki Lawal daga gidanmu na Setapak aka kai shi makwancinsa, a wata maƙabarta da ke gefen Kuala Lumpur inda ciyawa ba ta taɓa bushewa. Kowace shekara idan watan ya zagayo nakan yi girki in aika masallacin unguwa sadaka, in kira mahaifiyarsa a Funtuwa mu yi addu'a mu share hawaye, sannan in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni. Ni ce Rabi, matarsa ta shekara goma sha ɗaya, uwar 'yarsa Amira. Akwai wani laifi da danginmu suka ɗora masa yana raye, ya tafi kabari da shi, kuma ba nasa ba ne. Nawa ne.

Duk wanda ya san Lawal a garin nan ya san aikinsa, domin abin raha ne a wurin 'yan uwanmu. Karatu ya kawo shi Malesiya, a kan ruwan sama da ambaliya ya yi digirinsa na uku. Da ya gama sai ya samu aiki da wani kamfani na ƙasar Kanada, wanda ke sanar da masu share hanyoyi yawan dusar ƙanƙarar da za ta zubo kafin ta zubo. Suna bukatar wanda idonsa biyu lokacin da su suke barci, kuma ranarmu ita ce darensu. Saboda haka kullum ƙarfe takwas na safe Lawal zai shiga ƙaramin ɗakinmu da singileti, fanka na kaɗa masa iska mai ɗumi, zufa na bin wuyansa, ya zauna gaban kwamfuta yana faɗin santimita nawa za ta sauka a kan garuruwan da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa ganin dusar ƙanƙara da idonsa ba. Abokansa a teburin mamak, wato shagon mai shayi na garin nan, inda suke haɗuwa bayan Juma'a, sukan ce masa, "Dakta, yau nawa ka zubo wa Turawa?" Shi kuma ya ce, "Kaɗan na ba su, gobe ne babban rabo."

Ɗan manomin auduga ne, don haka da auduga yake yi mini bayani. Ya ce aikin farko shi ne ka san yawan ruwan da gajimaren ke ɗauke da shi. Wannan ma da sauƙi. Wahalar ita ce sanin yadda ruwan zai sauko. Idan sanyin ya yi tsanani, sai ya zubo kamar audugar da aka shiɓe, sakayau, ya yi tudu har gwiwa. Idan sanyin ya ɗan sassauta, ruwan nan dai shi ne, amma sai ya sauko kamar jiƙaƙƙiyar auduga, ya kwanta a danne, da ƙyar ya rufe idon sawu. Kuma guguwar tana iya karkata kaɗan arewa ko kudu, garin da ka yi wa tsoro ya tsira, maƙwabcinsa ya nutse. Shi ya sa bai taɓa ba da lamba ɗaya ba. Kullum uku yake bayarwa: mafi ƙarancin abin da zai iya zubowa, mafi yawansa, da wanda ya fi tsammani. Da waɗannan lambobi uku ake yanke shawarar motoci nawa za a fitar, gishiri nawa za a watsa a kwalta, ko a rufe makarantu ko a bar su.

Ni kuwa ba haka aka gina ni ba. Na tashi a Kano da 'yan littattafan soyayyar nan da muke karɓowa haya a bakin kasuwa, muna ɓoye su cikin jakar Islamiyya. A cikinsu namiji ba ya cewa wataƙila. Yana keta ruwa da duhu ya tsaya ƙofar gidan masoyiyarsa jagab, ya faɗi magana ɗaya da za a riƙe har abada. Muna sabon aure na tambayi Lawal ko zai so ni har ƙarshen rayuwarsa. Ya ɗan yi tunani, ya ce, "Da yardar Allah. Alamu dai duk suna da kyau." Kwana biyu ban yi masa magana ba. Dusar ƙanƙara kuma, a zuciyata, ita ce farin abin nan mai laushi da ke sauka a kafaɗar masoya a hotunan kalanda. Shekara da shekaru ina jin mijina yana ambaton guguwa da iska da hanyoyin da suka toshe, amma hoton da ke kaina bai taɓa sauyawa ba.

Shekara uku kafin rasuwarsa, ƙanena Mubarak yana karatu a Kanada, a daidai yankin da Lawal ke yi wa hasashe. Shi ne autanmu, ni na goya shi. Ya haɗu da wata yarinya Bahaushiya mai suna Safiyya da ke karatun jinya a wani gari mai nisan awa huɗu a mota, tana zaune wurin kawunta. Ni na ɗauki soyayyar nan kamar tawa. Ni na zaɓi shaddar da zai sa ranar gaisuwa na aika masa, ni na zaɓi hula da turare, har kalaman da zai fara da su na tsara masa. Kawun ya ba shi rana, Asabar ƙarfe huɗu na yamma, kuma ya ce washegari zai yi doguwar tafiya.

Da safiyar Asabar ɗinmu, lokacin su suna daren Juma'a, saƙon muryarsa ya shigo wayata. "Yaya Rabi, wayata sai kuka take wai guguwa na tafe gobe. Ki tambayar mini Malam, gaskiya ne ko tsoron Turawa ne kawai? Kin san dattijon nan, in na saɓa masa rana shi ke nan."

Ranar Lawal na tsakiyar aiki saboda wannan guguwar, waya biyu na kiransa. Na leƙa na faɗa masa. Ya karɓi sunan garin da hanyar da Mubarak zai bi, ya ce in ba shi minti goma. Da ya fito bai zauna ba.

"Daga santimita goma sha biyar zuwa arba'in da biyar," in ji shi. "Abin da na fi tsammani talatin. Za ta fara wajen azaharsu, da iska mai ƙarfi, kuma hanyar nan ta bi gefen tafki, can ne abin ya fi muni. Ki ce masa kada ya fita. In kunyar kawun yake ji, ya turo lambarsa, idan na tashi aiki ni zan kira dattijon in ba shi haƙuri." Har ya juya sai ya waiwayo. "Rabi, kin ji ko? Duka za ki faɗa masa."

Na ce na ji.

Na sauka ƙasa sayo mana abin karin kumallo, tapau kamar yadda ake cewa a nan, wato a ƙunshe maka ka tafi da shi gida. Ina tsaye ina jiran mai burodin ya gama juya shi a kan tanda, sai na buɗe tafin hannuna na auna santimita goma sha biyar. Bai kai taƙi ɗaya ba. Na tuna ruwan da ke kwanciya a layinmu na Kano da damina, wanda ya fi haka zurfi, kuma yara na wasa a ciki. Na tuna makon da ya wuce Lawal ya ce za ta iya kai ashirin a wani gari, takwas kawai ta zubo. Na ce a raina mutumin nan tsoro ya yi masa yawa, lambar sama ta kare kai ce kawai.

Da a nan tunanina ya tsaya, da sai in kira shi jahilci in samu sauƙi. Amma ba a nan ya tsaya ba. Ina kallon hayaƙin tanda ina ganin Mubarak a ƙofar gidan kawun, farin abu a kan hularsa da kafaɗunsa, Safiyya na leƙowa ta taga tana dafe ƙirji. Saurayin da ya keta guguwa don ya cika alkawari. Na ga yadda zan ba da labarin a taron matanmu na unguwar Wangsa Maju, na ga yadda za a riƙa tuna shi ranar biki. Ba na so a ɗage. Ɗagewa ba ta da daɗin faɗa.

A nan tsaye na danna waya na ce, "Auta, Malam ya ce santimita goma sha biyar ce, ba wani abu ba ne. Ka dai tashi da wuri. Ka sa hular nan mai ruwan toka, kuma wallahi in ba ka ɗauko mini hoto a cikin dusar ba, ba ni ba kai."

Da yamma Lawal ya fito daga ɗaki idanunsa jawur. Ya tambaye ni ko na isar. Na ce na isar. Ya ce ya haƙura? Na ce ya ce to. Ya ce kawun fa? Na ce Mubarak ya ce shi zai kira da kansa. Ya yi hamdala, ya ci abinci. Ƙarya ta biyu ta fi ta farko saurin fita daga bakina.

Mubarak bai tashi da wuri ba. Abokin da zai raka shi, tunda ba a zuwa gaisuwa mutum ɗaya, ya duba sama ya janye, aka ɓata lokaci ana lallashinsa. Sai wajen sha biyun ranarsu ƙanena ya kama hanya shi kaɗai, a tsohuwar mota mai tayoyin bazara, sanye da shadda da 'yar rigar sanyi a sama, da takalmin fata mai siririn tafi wanda ya dace da shaddar. Shigar da za ka je gaban suruki da ita a Kano.

Washegari Lahadi, na idar da sallar asuba ke nan gari ya fara haske, Safiyya ta kira ni tana kuka. Bai iso ba, wayarsa ba ta shiga, kuma ko ƙofar gidansu ba a iya buɗewa don tudun da ya taru. Lawal ya ji daga ɗaki. Bai tambaye ni komai ba a lokacin. Ya tambayi Safiyya ƙarfe nawa ya fita, ya kunna kwamfuta, ya lissafa inda mota za ta iya kaiwa kafin abin ya tsananta, ya zana wani yanki na hanyar gefen tafki, ya fara kiran masu rarraba motocin share hanya da yake yi wa aiki. Ina zaune a ƙasa bakin ƙofa ina jin muryarsa, a natse, yana maimaita launin motar da lambarta. A waje rana ta fito tas, masu sayar da kayan marmari na ta harkarsu. Sai bayan azahar aka kira shi. Direban wata motar share hanya ya tsinci Mubarak a rakuɓe jikin shingen wata gona. Motarsa ta zame ta faɗa kwari, ya zauna a ciki har mai ya ƙare, sannan ya fita neman taimako da takalmin nan. Ban sani ba ko kiran Lawal ne ya sa motar ta bi can da wuri. Shi bai taɓa cewa haka ba, ga kowa. Abin da aka auna a yankin daga baya santimita arba'in da ɗaya ne.

Likitoci sun ceci ƙafar, amma sun cire yatsu uku na hagu. Mubarak da ba ya wuce fili ana ƙwallo bai shiga ba, bai sake buga ta ba.

Kwana huɗu bayan haka, wani kawunmu ya tambaya a zauren danginmu na waya, wa ya ce wa yaron nan ya fita a irin wannan rana? Mubarak, daga gadon asibiti, ba da wata manufa ba, ya tura saƙon muryata. Muna cin abincin rana ya shigo. Lawal ya saurara har ƙarshe, har wurin maganar hula da hoto. Ya sake kunnawa. Sannan ya ɗago ya dube ni, ba da fushi ba, kamar dai yadda yake duban taswira idan guguwa ta bi inda bai zata ba.

"Goma sha biyar," ya ce a hankali. "E. Na faɗi goma sha biyar."

Ya wanke hannu ya kira mahaifiyarmu, wadda muke ce wa Umma. Ina jin komai, domin wayar a buɗe take. Ya ce, "Umma, ni ya kamata in kira shi da bakina, ban kira ba. Ku yi haƙuri."

"Haƙuri?" in ji Umma. "Lawal, mutumin da bai taɓa ganin abu ba, me ya kai shi auna shi? Kana zaune a ƙasar zafi kana yi wa mutane duba da kwamfuta, ka tashi kashe mini ɗa. Da a ce ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba mana!"

Ina tsaye da faranti a hannu. Jimla ɗaya ta isa. Umma, ya faɗa, ni ce ban faɗa ba. Na buɗe baki, na tuna fuskar Umma idan ta yanke ƙauna da mutum, na mayar na rufe. Farantin ma ban sake shi ya faɗi ba, na kai shi kicin na wanke.

Daga baya na same shi a ɗaki na zube gabansa ina kuka, irin zubewar da na sha karantawa, ina jiran ko ya yi mini tsawa ko ya ɗago ni ya share mini hawaye, ko wanne ya zo in samu sauƙi. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ce in tashi in zauna a kujera. Ya ce, "Idan kika faɗa yau, da zafin nan, Umma za ta rasa 'ya a kan ɗa. Ni suruki ne, ana iya fushi da ni daga nesa, ba abin da zai karye. Amma ba na ce ki binne shi ba. Ranar da kika shirya ki faɗa." Nan ma na yi abin da na saba. Na ɗauki rabin da ya yi mini daɗi, na bar sauran.

Shekara uku ya rayu da sunan. Malam Sha-Biyar. A zauren waya aka fara, ya bi mu har Kano lokacin da muka je bikin Mubarak da Safiyya, domin auren bai fasu ba, kawun ma cewa ya yi yaron da ya yi wannan kasada ba a hana shi mata. Kun ga ke nan na samu labarin da nake so. An ba da shi a wurin biki, mata suka yi guɗa, ango na ɗingishi a tsakiyar fili. 'Yan uwana mata, da yake abokan wasansa ne, suna ganin Lawal sai su ce, "Malam Sha-Biyar, yau hadarin nan nawa zai ba mu? Mu ninka sau uku ko?" Yakan yi dariya ya ce su shiga da shanyarsu dai. Umma kuwa ba ta wasa. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. Matar da a da take aiko masa da dambun nama na musamman, da sunansa a jikin leda, ba ta sake ba. Ina gani. Na san sau nawa, domin ina ƙirgawa, kuma kowane karo nakan ce bari biki ya wuce, bari azumi ya wuce, bari Safiyya ta haihu.

Abu ɗaya na lura ya sauya a wurinsa. Bai ƙara aiko ni da saƙo ba, ko na cefane. Idan yana da magana da wani, shi yake kira. Bai taɓa faɗin dalili ba, ni ma ban tambaya ba. Ban da wannan, Lawal ɗin da na sani ne, mai kai Amira makaranta a bas, mai sayo mini soyayyar ayaba daga Kampung Baru duk ranar da ya je can salla.

Ciwon hanta ne ya ɗauke shi, cikin wata huɗu. A asibiti na riƙe hannunsa na ce zan faɗa wa Umma. Ya ce, "To." Ban faɗa ba. Ranar uku da rasuwarsa Umma ta kira ni ta'aziyya, tana kuka na gaskiya, ta ce, "Rabi, ki shaida, abin da ya yi wa Mubarak na yafe masa, duniya da lahira." Ni kuma na ce, "Allah ya saka da alheri, Umma." Cikin duk abin da na aikata, wannan amsar ce ke hana ni kallon madubi da kyau.

Na ci gaba da zama a nan saboda karatun Amira, ina koyarwa a wata makarantar yara. Garin ya sauya. Benaye sun tsiro a filin da muke hango duwatsu ta taga, ɗaliban da suka san Lawal sun gama sun watse. Yanzu kowa na da hasashen yanayi a aljihunsa, waya ta nuna maka ɗan hoton gajimare da lamba ɗaya tak, mutum ya duba ya yarda. Na ji an ce irin aikinsa ma yawanci na'ura ke yi. Nakan tambayi kaina me zai ce. Ina jin ba zai yi kishin na'urar ba, zai ma zauna ya koyi yadda take lissafi. Abin da zai dame shi lamba ɗayar ce. Zai ce ina sauran biyun, wa ya ɓoye su, kuma me ya sa mutane suka fi son a ɓoye musu? Wannan tambayar ni ce zan iya amsa masa ita fiye da kowa.

Watan jiya Amira, wadda yanzu shekararta goma sha huɗu, ta dawo daga makaranta ta ajiye jaka. An ba su aikin rubutu a kan sana'ar iyayensu, ta shiga zauren dangi tana neman hoton babanta a wurin aiki, wata gwaggonta ta turo mata da sunan nan a ƙasa, da alamar dariya. Hausarta a karye take, takan haɗa da Turanci da yaren Malesiya, amma ranar da Hausa zalla ta yi mini tambayar.

"Mama, wai Abba bai iya aikinsa ba ne? Shi ya sa Kawu Mubarak yake tafiya haka?" Kafin in amsa ta ƙara, "Ba komai, zan rubuta a kan aikinki kawai."

Yarinyar da ba ta da abin tuna ubanta sai 'yan hotuna da ƙamshin wata riga, tana shirin ɓoye shi don kunya. Na zaunar da ita na faɗa mata komai, tun daga gaban mai burodi. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ke nan Abba ya yi daidai." Na ce ya yi daidai. Ta ɗauki abincinta ta shiga ɗaki da shi, kuma har yau ba mu koma cin abinci a faranti ɗaya ba.

Washegari na kira Mubarak. Na faɗa masa komai, ina jin hayaniyar 'ya'yansa a bayansa. Sannan ya ce, "Yaya, kin san wa ya fara kiransa da sunan nan? Ni ne. Daga gadon asibiti. Ya zo bikina ya riƙe mini babbar riga ina sawa, ina ce masa Malam Sha-Biyar." Ya ce yatsun ya daɗe da haƙura da su, wannan ne bai san inda zai kai shi ba. Ya ce Umma kuma ba shi zai faɗa mata ba.

Na kira ta. Ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba, abin da ba halinta ba ne.

"Rabi," ta ce, "shekara uku bawan Allah yana durƙusa mini ina juya masa ƙeya. Na yafe masa abin da bai yi ba, kina ji, kika ce Allah ya saka mini. Yanzu wa zan roƙa? Faɗa mini, tunda ke ce mai tsara labari. Wa zan roƙa?"

Ta kashe wayar. Bayan kwana biyu aka gaya mini ta sa an kai ta Funtuwa, da ciwon gwiwarta, ta zauna a tabarma gaban mahaifiyar Lawal ta faɗa mata da bakinta, ta nemi gafara a madadin gidanmu. Tsohuwar ba ta ma taɓa jin labarin ba. Ɗanta bai kai mata ƙara ko sau ɗaya ba. Ni Umma ba ta kira ni ba tun ranar, kuma ba ta ɗaga nawa. Saƙo ɗaya ta aiko ta bakin Mubarak: a gaban mutane aka ɓata shi, a gaban mutane za a wanke shi. Dalilin wannan rubutu ke nan.

Idan na auna abin da ya rage na Lawal, ba shi da yawa a ido. Bai gina gida ba, bai rubuta littafi ba. Aikinsa duk na kwana ɗaya ne, gobe ta zo ta tabbatar ko ta ƙaryata, bazara ta narkar da shaidar. Mutanen da suka isa gida lafiya saboda motar share hanya ta riga su fita ba su san da wani Bafuntuwe mai singileti a Setapak ba. Na daɗe ina ganin an ba ni miji mara kalamai, ina kwatanta shi da mazan takarda. Cikinsu babu wanda aka taɓa rubutawa ya zauna shekara uku ana yi masa dariya a kan abin da ya fi ƙwarewa a kai, matar da ta jawo masa tana gefensa tana zuba masa shayi, bai ko sauya mata fuska ba. Ban san sunan da littattafan za su ba wannan ba. Na dai san ban cancance shi ba, kuma na gane shi ne bayan babu wanda zan faɗa wa.

Ga danginmu na Kano, da abokansa na teburin mamak, da duk wanda sunan nan ya taɓa fita daga bakinsa: Lawal ya faɗi mafi ƙaranci, ya faɗi mafi yawa, ya ce kada yaron ya fita, ya ce a faɗa masa duka. Ni na tsaya a hanya na zaɓi abin da zan kai. Ku sauke masa sunan. In kuwa dole sai an kira wani da shi, ina nan da raina, zan amsa.

Allah ya sanyaya makwancinka, Baban Amira, ya ba ka ladan shirun da ka yi, kada ya kama ka da nawa.